Mai Karatu a Ɗakin Wankin Ƙoda

Shekara talatin da ɗaya Mama ta yi tana buga takardu a ofishin kotu, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ko faɗa za ta yi mana, sai mun matso kusa kafin mu ji laifinmu. Da ƙodarta ta gaza, likita ya ce sai an riƙa yi mata wanki sau uku a mako, ni aka ɗora wa kai ta, tunda ni ce auta kuma shagona na kusa da asibitin.

Ɗakin dogo ne, kujera takwas, huɗu na kallon huɗu, kowace da na'urarta a gefe tana jan jini ta tiyo tana maido shi. Awa huɗu ake yi a zaune. Akwai talabijin a bango, amma sautinta ya daɗe da mutuwa. Kowa sai ya ja bargo har wuya ya zuba wa agogo ido.

A mako na uku Mama ta zo da wani littafi da ta tono a akwatin marigayi Baba. Bangonsa ya ɓare, takardunsa sun yi ja. Tsofaffin labarai ne na fatalwa da abubuwan ban tsoro, waɗanda aka rubuta tun ba a haifi kakanninmu ba. Ta sa tabarau tana karantawa a zuci, hannu ɗaya riƙe da littafi, ɗayan a miƙe da allurai.

Kujerar gefenta ta wani tsohon bakanike ce wanda ciwon suga ya kusa cinye masa ido.

"Maƙwabciya," in ji shi, "ina jin kina ta juya takarda kina ajiyar zuciya. Rowa za ki yi mana?"

"Labarin tsoro ne, ba zai yi maka daɗi ba."

"Ni da nake kallon jinina yana yawo a waje, me kuma za a tsorata ni da shi? Karanta."

Ta kalle ni, na ɗaga kafaɗa. Sai ta gyara tabarau ta koma farko.

Labarin wani mai fito ne da wani mutum ya tare a bakin kogi ya ce a haye da shi. Mutumin ƙato ne, ga kaya a kafaɗa, amma da ya taka kwale-kwalen, ko motsi bai yi ba, ruwa bai ƙara hawa ba ko da faɗin yatsa. Mai fito ya lura, amma ya fara tuƙi.

Mama ba ta sauya murya, ba ta zare ido. Yadda ta saba da takardun kotu, kowane waƙafi sai ta ba shi haƙƙinsa, kowace aya sai ta tsaya. Kuma da yake muryarta ƙasa-ƙasa ce, dole mai son ji ya yi tsit. Kafin ta kai tsakiyar kogi, wata tela da ke kujerar ƙarshe ta cire abin sauraren waya daga kunne. Da aka zo inda mai fito ya waiga ya ga baƙon zaune da jiƙaƙƙun tufafi alhali ko ɗigo bai fantsamo ba, bakanike ya ce, "Wayyo, da ni ne na faɗa ruwa!" Ɗakin ya kwashe da dariya. Ranar ce na fara jin dariya a wurin.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Da an gama sa wa kowa allura, sai a ce, "To, Mai Karatu, bismillah." Ta iya mugunta kuma: takan rufe littafin daidai inda ake ƙwanƙwasa ƙofa a labarin, ta ce ta gaji. A roƙe ta, ta ƙi. Har tela ta riƙa rantsuwa da gangan take yi.

Ana nan aka kawo wani mahauci, jibgegen mutum, kujerar ma da ƙyar ta ɗauke shi. Shekara ashirin yana yanka, amma ranar farko da ya ga nasa jinin cikin tiyo sai ya sume. Rana ta biyu ya riƙa karkarwa har nas ta kasa samun jijiya. Mama ta ce masa, "Ɗana, kalle ni nan. Ka taɓa jin labarin matar da ta gaji gida, ta ƙirga matakalar bene goma sha biyu wajen hawa, da za ta sauko ta samu goma sha uku?" Ya ce a'a. Ta fara. Sai da aka kai matakala ta goma sha biyar ya tambayi nas yaushe za ta soka. Ta ce ai ta gama tun ɗazu.

Matsala ta taso daga mijin tela. Ya je wajen babbar nas, wadda kowa ke kira Sista, ya ce matarsa ta daina shiga banɗaki ita kaɗai, sai ya tsaya mata a ƙofa. Sista ta zo da fuska a murtuke.

"Mama, ki yi haƙuri. Mutanen nan masu hawan jini ne. Ba a zo nan don a firgita su ba."

Mama ta ce to, ta mai da littafin jaka. Ko musu ba ta yi ba. A mota na so in yi mita, ta ce, "Aikinta ta yi, Auta."

Mako guda ɗakin ya koma gidan jiya. Ran Litinin da babban likita ya shigo zagaye, mahauci ya tare shi.

"Likita, a dawo mana da karatunmu."

"An ce yana tsorata ku."

"Yana tsorata mu mana! Amma likita, kowa a nan da tsoronsa yake tasowa daga gida, kuma wancan ba ya ƙarewa. Na littafin kuwa, da ta rufe shi an gama. A bar mu mu huta da shi."

Tela ta ɗago daga bargo ta ce, "Mijin nawa ma da ya kai ƙara, shi ke tambayata ina aka kwana."

Likita ya jawo kujera ya ce bari ya ji da kunnensa. Mama ta buɗe littafin. Ta ɗauko labarin benen daga inda aka tsaya. Matar tana saukowa a duhu, tana ƙirga, ashirin da ɗaya, ashirin da biyu, sai ta ji a ƙasa can wata murya irin tata tana ƙirgowa sama. Mama ta yi shiru. Ba mai ko numfashi.

Daidai nan na'urar bakanike ta ƙwalla ƙara. Tela ta yi ihu, mahauci ya ambaci sunan Allah, biron likita ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin kujera. Tiyo ne kawai ya lanƙwashe. Sista ta gyara shi tana danne dariya, ta bi kowa ta auna hawan jininsa, ba wanda ya wuce misali.

Likita ya ɗauko bironsa ya kaɗe. "To, wa ke hawowa?"

"Sai Laraba, likita," in ji Mama, ta rufe littafin.

Ran Laraba kuwa ya zo, ya tsaya jikin ƙofa kamar mai duba fayil.

Ba a yi wata ba, masu wankin yamma suka aiko Sista da roƙo: su ma a karanta musu. Na ce sam, domin idan aka cire wa Mama allura ko tsayuwa da ƙyar take yi. Ta ce in ba ta rabin awa ta huta, ta sha ruwa kaɗan, za ta iya. Aka ajiye mata kujera a tsakiyar ɗaki.

Ni sai na koma waje ina jira, ina hango ta ta gilashi. 'Yar ƙaramar tsohuwa, auduga manne a hannu, ga mutum takwas sun miƙo wuya wajenta, ga nas biyu sun tsaya da tire a hannu sun manta inda za su. Wani mutum da ya kawo ɗan'uwansa ya tsaya kusa da ni yana leƙe.

"Waccan ma'aikaciyarsu ce?"

"A'a," na ce. "Mahaifiyata ce."

"Malamar makaranta ce a da?"

"Takardu take bugawa a kotu."

Ya jinjina kai, ya tura ƙofar a hankali ya shiga ya jingina da bango. Na duba agogo, na kira yayata na ce kada su jira mu, yau za mu yi latti.