Kukan da Ba Ya Jan Numfashi

Tun daga bakin layinmu na unguwar Shubra na ji kukan, gurasa a kaina, kwanon wake a hannu. Doguwar ƙara ce ta mace, irin wadda muke ƙwallawa idan rai ya yi halinsa, tana hawa tana sauka tana karkarwa. Daga benenmu take fitowa. Mutum ɗaya kuwa kowa ya sani a kwance a benen nan: mijina Abu Wagdi, wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana tun bara. Ni na kulle masa ƙofa da hannuna na tafi kasuwa.

Ban san inda kwanon ya faɗi ba.

A matakala na tarar da mata har sun sa baƙaƙen kaya. Maƙwabciyata Ummu Karam ta rungume ni. "Sai haƙuri, 'yar'uwa. Ya huta."

"Wa ya gan shi?"

"Ƙofa a kulle take. Amma ai kina ji."

"To wa ke masa kuka, ni ga ni nan?"

A nan na lura mai kukan ba ta jan numfashi. Na yi wa uwata kuka, na yi wa ɗana, na san inda murya ke yankewa. Wannan ba ta yankewa. Makullin ya ƙi shiga sai da Ummu Karam ta riƙe min hannu.

Yana raye. Idanunsa a buɗe, hawaye na gangara cikin kunnuwansa, hannunsa mai lafiya ya damƙe ƙarfen gado. Duk ya ji su ta bayan ƙofa, suna Allah ya jiƙansa, suna shawarar wanda zai yi masa wanka. Ba bakin da zai ce ina nan.

Kukan kuma bai daina ba. Daga sama yake.

Sai ga Hazim, makaɗin da ke haya a samanmu, yana hawowa da ruwan rake a hannu. "Hajiya, wa ya rasu?"

"Kai za ka faɗa mana, ɗan banza."

Ya saurara, fuskarsa ta canza, ya ruga. Na bi shi. Wani akwatin kiɗa ne a ɗakinsa, wayoyi sun cukurkuɗe a jikinsa kamar taliya, a gabansa madannai farare da baƙaƙe. Ba kowa a kujera. Ya taɓa wani ɗan jan maɓalli, shiru ya faɗo.

"Maɓallin riƙe sauti ne, Hajiya. In yana kunne, ko ka ɗaga yatsa sautin ba ya mutuwa. Wannan 'yar tayar ta hagu ita ke sa shi karkarwa, na bar ta a sama. An ɗauke wuta na fita, aka kawo ina waje. Ki yafe ni."

"Ni ka binne da rai? Ɗauko shi."

Da kansa ya sauko da akwatin har gaban gado. Mijina na ganin wayoyin ya ƙara damƙe ƙarfen gadon. Na ɓamɓare hannunsa, na kama yatsansa na ɗora a kan farin madanni. Kukan ya taso, ya runtse ido. Na ɗaga yatsan. Shiru.

"Ka ji, Abu Wagdi? Ba naka ba ne. Ƙarfe ne."

Ya danna da kansa, ya ɗaga. Ya sake. Bai ƙara kama ƙarfen gadon ba.

Hazim ya sunkuya zai naɗe wayoyinsa, na tare ƙofa.

"Jan maɓallin nan. Cire."

"Hajiya, da shi nake cin abinci."

"Ka ci da yatsunka, kamar kowa."

Ya kwance shi da sukundireba, ya ajiye a tafin hannuna. Na ƙulle shi a bakin gyalena tare da makullin. Har yau in zan fita kasuwa, sai na kwance na nuna wa Abu Wagdi kafin ya saki rigata.