Hoton da Yake Dariya a Ciki

Ranar da Kafinta ya sauka a ƙasar, abu na farko da aka buga masa a fasfo shi ne hani. An yarda ya shigo ya auri matarsa, an yarda ya zauna da ita kafin a duba maganar takardar zama, amma aiki, ko na ɗaga tsinke ne, bai halatta gare shi ba sai izini ya fito. Auta, amaryar tasa, ita ta karanta masa, domin a nan ta girma, harshen ƙasar a bakinta yake, kuma a asibitin garin take aikin jinya. Ta ce masa ɗan lokaci ne. Ita ma haka aka gaya mata.

To, ɗan lokacin nan sai ya samu wuri ya miƙe ƙafa. Mutumin da a garinsu sai ka yi kamun ƙafa kafin ya karɓi aikin gadonka, shi ne ya koma zaman ɗaki a bene hawa na uku. Ya ɗaure duk wani noti da ke gidan, ya gyara kujerun da ba abin da ya same su, ya cire ƙofar banɗaki ya mayar. Da abin gyara ya ƙare, sai Auta ta riƙa dawowa daga asibiti tana samun sa a bakin taga, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon motoci. Abin yana ci mata rai. Ita ta raba shi da zartonsa da gudumarsa, ta sani, kuma bai taɓa ce mata komai ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Shi kuwa Baba, mahaifinta, ba ya barin ciwo ya huta. Baba yana da shagon kayan masarufi a bakin titi. Shi ma da jaka ɗaya ya zo ƙasar a zamaninsa, shi ma ya sha zaman jira a ofisoshi, amma da takardarsa ta fito sai ya manta sarai, kamar a nan aka yanke masa cibiya.

"Auta, ya mai gadin gidanki?" Haka yake tambaya a waya.

Idan kuwa suka je cin abinci gidansa, sai ya tura wa surukin kwano yana murmushi. "Ci, yaro, ci ka ƙoshi. Abin da ba kai ka nemo ba ai ba ya tsayawa a wuya."

Kafinta ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Baba." Auta kuma ta haɗiye nata da ƙyar.

Ana haka kantocin shagon Baba suka gaji da duniya, ɗaya ta rufto da gwangwanayen madara. Baba ya kira masu gyara, suka faɗi abin da za a ba su, ya ji kamar an taka masa yatsa. Nan ya tuna ashe yana da suruki.

"Baba, an hana shi aiki fa," in ji Auta.

"Wane aiki? Biyansa zan yi? Ɗa ya kama wa ubansa, shi ne aiki? Ke karatun naki ya fara yi miki yawa."

Ta juya ta dubi mijinta don ya goya mata baya. Ba ita yake kallo ba, tafin hannunsa yake murzawa, idonsa yana roƙo. Sai ta ƙyale shi ya je.

Wallahi mutum ya dawo mutum. Yana fita da sassafe, ya dawo da garin katako har cikin gashin gira, yana ba ta labarin wane katako ne mai taurin kai, wane ne mai biyayya. Abinci ya fara shiga. Wata rana da yamma ta biya ta shagon da kayan asibiti a jikinta, ta same shi da fensir a bayan kunne, zarto a hannu, sababbin kantoci sun tashi daga ƙasa har rufi. Baba ya dafa masa kafaɗa yana nuna wa wani mai sayayya, yana cewa, "Ɗana ne ya yi." Kafinta ya ƙyalƙyale da dariya, ta ɗaga waya ta ɗauka.

Da aka kira su ofishin shige da fice, an ce su zo da shaidar cewa auren na gaske ne, ba na neman takarda ba. Auta ta zauna tana zaɓen hotuna. Na ɗaurin aure, na falo, na bakin kogi, duk a ciki fuskarsa kamar ya je ta'aziyya. Wa zai ga waɗannan ya yarda mutumin nan yana jin daɗin aurensa? Sai ta wanko na shagon, ta ɗora shi a sama. Ga dariya, ga suruki ya dafa shi, me kuma ake nema?

Ɗakin ganawar ƙarami ne, tebur ɗaya, kujeru uku, fulawar roba a kusurwa. Jami'ar wata dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da zafi ko kaɗan. Ta raba su ta yi wa kowa tambayoyinsa, waye ke fara tashi, me aka ci jiya, wane gefen gado yake kwana. Amsoshi suka zo ɗaya. Ta haɗa su, tana murmushi, ta jawo hotunan.

"Nan ina ne?"

"Shagon mahaifina," in ji Auta.

"Kantocin sun yi kyau. Shi ya yi?"

"Shi kaɗai. Ba wanda ya kama masa ko ƙusa."

Da alfahari ta faɗa, har da gyara zama. Kafinta bai ji yaren ba, amma ya ga hoton, ya miƙa tafukansa yana nuna kantar aiki da ta fito masa a hannu. Jami'ar ta cire tabarau ta ajiye.

"Shago ne da ake ciniki a ciki?"

Sai a lokacin Auta ta gane inda aka dosa. "Ba a biya shi ba. Ko sisi. Taimako ne na gida."

"Da biya da babu, aikin da za a ɗauki ma'aikaci ya yi ne, kuma a wurin kasuwanci. Auren ku na yarda da shi, ban yi shakka ba. Amma ya karya sharaɗin zamansa, kuma ke kika kawo min shaidar."

Ta ce ƙofa ɗaya ta rage. Idan mai shagon ya zo da kansa ya amsa cewa shi ya sa shi, laifin zai koma kansa, za a binciki shagon a ci shi tara, shi kuma mijin ana iya yi masa sassauci.

Daga nan shagon Auta ta wuce kai tsaye. Ta samu Baba yana jera gwangwanaye. Ta durƙusa a gabansa, abin da rabonta da yi tun tana yarinya, ta gaya masa komai.

Baba ya sha mur. "Ni in kai kaina? Shagon da na yi rabin rayuwata ina ginawa? Su shigo su yi ta tone-tone, su karɓe min lasisi?"

"Baba, kai ka ce ɗa ne yake kama wa ubansa."

"Magana ce ta baki. Ni ban ɗauke shi aiki ba. Na ga zaman banza zai kashe shi, na bar shi ya rage zafi. Ke wa ya aike ki da hoto? Garin neman gira kin rasa ido, sai ki zo ki ɗora min."

Da ofishin suka kira shi a waya, a gabanta ya shafa wa idonsa toka ya ce shi ba ya nan aka yi, yaron ne ya shiga da kansa. Ta tsaya tana jin muryar ubanta tana yanka mata aure, kuma ta tsane shi a ranar, tsana ta gaske.

Aka ba Kafinta wa'adin barin ƙasa, aka ce sai bayan wasu shekaru zai iya sake nema daga can. A filin jirgi bai zargi kowa ba. Abu ɗaya ya roƙa, ta ba shi hoton. Ta ce yana ofis, sun riƙe shi a fayil. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki jakarsa ya shiga layi.

Ta daɗe ba ta taka shagon ba. Ranar da ta je, saƙon mahaifiyarta ne ya kai ta. Baba ya tarbe ta kamar ba abin da ya faru, ya bubbuga kanta da tafin hannu.

"Kin ga aikin nan? Ko motsi ba ya yi. Sai dai ƙofar durowar ƙasa bai ƙarasa ɗaurawa ba. In ya kira ki, tambaye shi ina ya ajiye min notinan."

Auta ta dubi kantocin tun daga ƙasa har rufi. Ta so ta ɗauki guduma ta farfasa su, sai ta tuna ba abin da ya rage mata na mijinta a ƙasar nan sai su.

"Kantocin ai su an ba su izinin zama, Baba," ta ce. "Ka tambaye su."

Ta ajiye saƙon a kan tebur ta fita, lokacin aikinta ya yi.