Jar Motar Da Takardunta Suka Ɓata

Autana ya kai ni da tsohona, wato ubansa, ganin wata jar motar tsere ta hannu, mai kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Tsohon kuwa tun da ya rufe garejinsa ba ya magana, sai kallon bango.

Mai motar ya ce, "Gaskiya takardun gyaranta sun ɓata."

Auta ya ce, "Inna, mu tafi. Wa ya san ciwon da ke cikinta?"

Ni ko takardun na nan ba karantawa zan yi ba. Amma na ga tsohon ya kara kunne jikin injin, bakinsa na motsi.

Na ce, "In babu takarda, sai yaya?"

Tsohon ya ce, "Sai a kwance komai a duba. Aikin watanni ne."

Na manta rabon da in ji muryarsa haka.

Na ce, "Auta, saya. Ja na yi maka kyau."

Yanzu tsohon na ta kwance ta a gida, har tawul ɗina duk baƙin mai ne, Auta bai tuƙa ta ba tukuna, uban kuma ya dawo yi mini faɗa. Allah Ya sa kar takardun su fito.