Ƙararrawa Biyu a Layin Ungozoma

A ofishin waya kowa Allura yake ce mata, don aikinta zama gaban teburin gwaji tana kallon allurar mita, kuma bakin nata ma bai rasa tsini ba. Yayanta mai hawa falwaya ne. Shekara ashirin yana ɗaura wayoyi a sama, har ranar da Oga, shugaban ofis, ya tara ma'aikata a tsakar ofis ya sa shi ya kwance bel ɗinsa na hawa ya ajiye a ƙasa.

Layin ungozoma aka ce ya ɓata. Naƙuda ce ta kama wata mata, mijinta ya buga waya. Ƙararrawar ungozoma ta yi ƙara sau ɗaya ta mutu, daga nan layi ya ƙi shiga sam. A bayan mota matar ta haihu, Allah dai ya kiyaye. Oga ya ce ɗaurin Yaya ne ya saki, kuma ranar Laraba mai bincike zai zo daga babban ofis ya sa hannu a takardar kora.

Allura ba ta yi kuka ba. Ta san halin katin da kowane layi yake da shi a ɗakin injin. Shi yake tura wutar da ke kaɗa ƙararrawa, ya kasa kunne, da an ɗaga kan waya ya yanke wutar don kada ta fasa wa mutum dodon kunne. To ƙararrawar da ta yi ƙara ɗaya ta yi tsit, ai ba waya ce ta tsinke ba, hannu ne ya ɗaga.

Katin yana da wata 'yar ƙofa da ake juyo layi zuwa teburin gwaji. Ta juyo na ungozoma ta auna. Inda ƙararrawa ɗaya take kai allurar mita, ta san shi kamar yunwar cikinta. Wannan karon allura ta wuce wurin, ta ninka. Ƙararrawa biyu ke nan a layi ɗaya, wani ya jona tasa wayar a ɓoye. Gida biyu kuma kawai falwayar take kallo: na ungozoma da na Oga, mutumin da yake rantsuwa shi ba ya ajiye waya a gida don yana son hutu.

Da ta tashi aiki ta biya wa Yaya. Yana zaune a tabarma yana goge filayarsa da ba abin da za ta kama.

"Ki rubuta rahoto kawai," in ji shi.

"In kai wa wa, Yaya? In kai wa kura ajiyar nama? A gaban mutane ya zubar maka da mutunci, a gaban mutane zan zubar da nasa."

"Ke dai tun kina ƙarama ba kya yafiya."

"Kai ka yafe mana, ni ka bar ni da nawa."

Daga nan ta wuce gidan ungozoma ta zayyana mata komai. Tsohuwar ta riƙe haɓa.

"Ashe shi ya sa nake jin numfashi in ina magana. Na ɗauka aljanu ne, ashe matar Oga ce."

"Goggo, ranar Laraba Oga zai kawo mai binciken gida cin abinci. In kin ga sun zauna ki kira ni. Bayan nan komai ƙarar da wayarki za ta yi kada ki taɓa ta, in kin ɗaga wutar ta yanke."

"'Yar nan, ni da nake jure ihun masu naƙuda? Filo zan ɗora mata."

Laraba da azahar fitilar layin ta kama a teburin Allura.

"Sun shiga," in ji ungozoma ƙasa-ƙasa. "Da baƙon da manyan ma'aikata uku. Na hango matar Oga ta tura wani abu cikin kabad ɗin falo ta rufe da zane. An kawo ruwan wanke hannu."

Allura ta yi murmushi. Ɓoyewa Oga ya iya, cirewa kuwa sai wanda ya taɓa riƙe sukudireba. Ta juyo layin, ta danna maɓallin ƙararrawa. Kati in shi yake kaɗawa yakan yi ya huta, ya yi ya huta. Ita ba ta huta ba. Ta danne har farcenta ya yi fari, tana tuna ƙarar ƙarfen bel ɗin nan da ya bugi siminti.

Minti ɗaya, minti biyu. Zuciyarta ta fara raya mata ko ya fizge wayar daga bango. Can sai allurar mita ta zabura, an ɗaga. Ta saki maɓalli ta kasa kunne. Daga nesa muryar Oga take ji.

"Ranka ya daɗe, agogo ne na ce maka, tsohon agogo ne."

Sai wata baƙuwar murya kusa: "Wa ke magana?"

"Teburin gwaji ne, ranka ya daɗe," in ji Allura da muryar salihai. "Layin ungozoma nake gwadawa. Gidan ungozoma ne nan?"

Ta ji cokali ya faɗi.

"A'a," in ji mai bincike. "Ki aika a kira mini mai hawa falwayar nan, ya hau ya nuna mini inda aka ɗaura wannan wayar."

"Ba zai iya hawa ba, ranka ya daɗe, ba shi da bel. Yana wajen Oga."

"To a mayar masa."

"A tsakar ofis aka karɓa, ma'aikata duk suna tsaye."

Mai bincike ya ɗan yi gyaran murya. "To a can za a mayar."

Kafin la'asar Allura ta bi ɗaki ɗaki ta kira kowa, har mai shara da mai gadi. Ta zaɓi wuri a gaba ta tsaya. Bel ɗin kuwa ita ta karɓo daga ofishin Oga, ta ajiye a ƙasa daidai inda Yaya ya ajiye shi, don sai Oga ya sunkuya zai ɗauka ya mayar masa.