Sunan da Aka Ƙone

Biron nas ya tsaya cak a kan katin awo.

"Me za a rubuta?" ta sake tambaya, ba ta ko ɗago kai ba. Mata sun kai talatin a bencin asibitin mishan, kowace da jaririnta a cikin jakar saƙa, ruwan sama yana ta dukan kwano.

Sabina ta dubi 'yarta mai kwana tara. Tun a gida mijinta Kawage ya ce Lusi za a rubuta, ta ce to. Duk tsawon gangarowarta daga kan dutse tana nanata sunan a ranta don ya zauna, ya ƙi zama.

"Dirua," ta ce.

Nas ɗin baƙuwa ce daga bakin teku, ba ta san komai ba. Ta yi murmushi. "Sunan mutanen da. Na gaji da rubuta Mariya da Rosa. Faɗa min harafi-harafi."

Sabina ta faɗa. Kafin ta kai ƙarshe surutun benci ya mutu. Matar da ke kusa da ita ta ɗauke jaririnta ta mayar ɗaya kafaɗar, ta matsa.

Shekara uku ke nan ba wanda ya furta sunan nan a kwarin. Mace ɗaya aka sani da shi, mahaifiyar Sabina, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gonar kofi. Da wani malamin makaranta ya faɗi ya mutu da ƙuruciyarsa, maza suka taru suka ce ita ta cire masa zuciya ta cinye. A filin ƙwallo aka ɗaure ta, da rana tsaka, aka gasa ƙarafa a wuta ana tambayarta inda ta ɓoye zuciyar. Yayan Sabina, Gende, shi ya fara ɗora mata ƙarfe, don kada a ce yana rufa wa maita asiri. Abin da ya rage aka jefa a kogi. Babu kabari, babu makoki. Sabina tana cikin taron daga farko har ƙarshe. Sau biyu idon uwarta ya faɗo kanta, sau biyu tana sunkuyar da kai.

* * *

Labari ya riga ta isa gida. Ta tarar da surukarta a bakin murhu tana juya dankali a toka, Kawage yana tsaye da adda a hannu kamar ya manta yana riƙe da ita.

"Me muka yi miki?" ya ce. "Faɗa min, me muka yi miki a gidan nan?"

"Sunan uwata ne, Maigida."

"Na san sunan wa ne. Kowa ya sani. Gobe ki koma a goge."

"An riga an rubuta."

Tsohuwar ta karkaɗe toka daga dankali, ta yi magana ba ta dubi kowa ba. "Lokacin da abin ya faru, mutane sun ce mu mayar da ke, a karɓo mana aladunmu na sadaki. Ni na ce a bar ki, yarinya ce mai aiki. To ga sakayyata. Kin san abin nan ta wajen uwa yake bi. Ke mun yi shiru a kanki, yanzu kin kira shi da sunansa kin ce ya shigo ya zauna."

"Mama, ba ta ci kowa ba."

"Ni ban ce ta ci ba. Na ce yarinyar nan za ta je makaranta. Malam zai kira suna kowace safiya a gaban yara arba'in. Kin yi tunanin wannan?"

Ta yi tunaninsa. Wata tara tana tunaninsa. Amma ta kuma tuna matar da take tashi kafin kowa ta ciyar da aladu, wadda ba ta taɓa sa takalmi ba don 'ya'yanta su sa, yanzu ko mutum ɗaya ba ya ambaton sunanta a duniya. Idan ba a ƙara kiran sunan ba, to sun gama da ita ke nan.

Ranar kasuwa Gende ya tare ta a gindin rumfar masu kabeji. Ya yi ƙiba tun da gonar kofi ta dawo hannunsa. Bakinsa ja wur da buai, goron da yake tauna wuni guda.

"Ƙanwata, na ji kin yi wa uwarmu takwara."

"Ka ji daidai, Yaya."

"Ni kike nufi da wannan, ko?" Ya tsartar da jan yawu kusa da ƙafarta. "Kina so kullum in ji ana kira, in kasa cin abinci. To ina cin abincina. Ita za ta ɗauki kayan, ba ni ba." Ya leƙa cikin jakar, ya daɗe yana kallon fuskar jaririyar. "Har goshin irin na uwarmu," ya ce a hankali, ya juya ya tafi.

* * *

A gidan ba mai kiran yarinyar da sunan sai uwarta. Kawage yana cewa "ke", kakarta tana cewa "'yar nan". Ita kuwa yarinyar ta taso da ƙafa mai sauri da baki mai daɗi, kuma tana son sunanta. Ko baƙo ya tambayi hanya sai ta ce, "Ni ce Dirua," tana buga ƙirji.

Yaran unguwa sun koya daga iyayensu. Idan ta nufo wurin wasa sai su dafe ƙirji su zube ƙasa suna shure-shure. "Ta ɗauke min zuciya, ku kawo ƙarfe." Sai dariya. Da farko ita ma dariyar take yi, tana tsammanin wasa ne da ita. Wata rana ta dawo da bakin zanenta a ƙone, sun ɗauko itace mai wuta daga murhun wani gida sun bi ta da shi.

"Mama, me ya sa suke cewa ina cin mutane?"

"Ba su da hankali ne."

"Kakata ta ci?"

"Kakarki dankali take ci, kamar ke."

Sabina ta je gidajen yaran ɗaya bayan ɗaya. Wata uwa ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce, "Yara ne fa. Kuma ke kika sa mata."

Yarinya ɗaya ce ba ta gudunta, Selina, 'yar kansilan ƙauyen. Tare suke zuwa ɗiban ruwa, tare suke shan rake, wannan ta gatsa ta miƙa wa wannan. A shekarar da suka cika shida, Selina ta kwanta da zazzaɓi da gudawa. Ruwa ya cinye hanyar mota, ba a kai ta asibiti ba. Kwana huɗu ta yi.

* * *

Washegarin rasuwar, da hantsi, Sabina tana tsinkar kofi Dirua tana riƙe mata buhu, sai ga Kawage ya ratso ta cikin itatuwa yana haki. Daga can ƙasa ana jin kukan mata a gidan makoki.

"Maza sun zauna tun safe," ya ce. "An ce an ga yarinyar nan da Selina suna shan rake ɗaya. An ce da Selina tana zazzaɓi ta yi ta kiran sunan."

"Ƙawarta ce. Wa za ta kira?"

"Je ki faɗa musu haka." Ya cusa mata kuɗin mota a hannu. "Kada ki koma gida. Ki bi ta bayan dutse ki faɗa babban titi, ki hau motar birnin Lae. Sun aiki samari neman tayar mota ta hura wuta."

"Yarinya ce, Kawage. 'Yarka ce."

"Gende ya ce a zo da ku biyun a tambaye ku."

"Kai fa? Ba za ka zo ba?"

Ya dubi ƙasa. "In na ɓace, gidan za su ƙona da tsohuwa a ciki. Zan koma in zauna da su, in ce kin tafi gona mai nisa." Ya miƙa hannu kamar zai shafa kan 'yarsa, ya fasa. "Na ce miki Lusi," ya ce, ya koma ta inda ya fito.

Awa uku suka yi suna hawa da gangara cikin taɓo. Da suka hango titi, Sabina ta ja yarinyar bayan wani kurmin ciyawa ta durƙusa a gabanta. Motocin Lae cike suke da mutanen kwarin, kuma a Lae ɗin ma akwai unguwarsu guda.

"Saurara. Daga yau sunanki Lusi. Yaya sunanki?"

Yarinyar ta yi dariya. "Dirua."

"Ba wasa nake ba. Yaya sunanki?"

"Ni ce Dirua."

Marin ya fita kafin Sabina ta san ta ɗaga hannu. Ba ta taɓa dukanta ba. Yarinyar ta dafe kumatu.

"Yaya sunanki?"

"Mama, ke kika ce sunan kakata ne, kika ce yana da kyau..."

Ta ƙara mata. Ta karyo tsumagiya a cikin ciyawar, ta bi ƙafafun nan masu taɓo tana tambaya tana tsulawa, muryarta ƙasa-ƙasa don kada a ji daga titi. Sau bakwai ta tambaya. A na takwas yarinyar ta ce, "Lusi," da wata murya da Sabina ba ta san tana da ita ba.

"Wace ce Dirua?"

"Ban sani ba."

* * *

Motar ta cika da buhunan kabeji da mata masu zuwa kasuwa. Wata dattijuwa mai fara'a ta matsa musu wuri, ta ɓare ayaba ta miƙa wa yarinyar.

"Kyakkyawa da ke, wa ya sa ki kuka? Yaya sunanki?"

"Lusi."

"Madalla. Jikata ma Lusi ce. Mun yi takwara ke nan."

Mota ta yi ta gangara, duwatsu suna ja da baya, iska ta fara ɗumi. Dattijuwar ta yi barci. Yarinyar ta juya wa uwarta baya ta jingina goshi da gilashi, ayabar tana hannunta ba ta ci ba. Sawun tsumagiya ya tashi ruɗu-ruɗu a ƙwaurinta.

Sabina ta duba gaba, ta duba baya, ba mai kallonsu. Ta sunkuya har leɓenta ya taɓa kunnen 'yarta.

"Dirua," ta raɗa.

Yarinyar ba ta waiwayo ba.