Gidan Ƙofar Atiku a Kwamfuta

Tun da damina ta rushe tsohon gidansu na Ƙofar Atiku, Malam Attahiru bai ƙara zancensa ba. Ya dawo Gawon Nama wurin 'yarsa Nuriyya, mai zanen gine-gine, ya zama mutum mai yawan shiru. Ita kuwa sai ta ƙudurta sake gina gidan a kwamfuta, daga abin da ta riƙe tun tana yarinya.

Ran Asabar da hantsi ta gama zanen, saura fitar da hotunan. Maimakon ta bi sassan gidan ɗaya bayan ɗaya, sai ta rubuta umarni a baƙin allon da ake ba kwamfuta umarni, na cewa kwamfutar ta bi fayilolin a jere ta fitar da hoton kowanne. Zaure ya fito. Rijiya ta fito. Daga nan aikin ya tsaya cak, jan rubutu ya cika allon.

Ta sake turawa, ya sake tsayawa a wuri guda. Ta zaci fayil ɗin ne ya lalace, amma da ta buɗe shi da hannu lafiya lau. Sai ta natsu ta karanta jan rubutun daga ƙasa. Ashe sunan fayil ɗin ne, "ɗakin Inna". Umarnin ya kasa karanta harafin ɗ mai lanƙwasa.

"Mi yaf faru, ɗiyata?" Malam Attahiru ya tambaya daga kan tabarma.

"Baba, ɗakin Inna ne ya ƙi fita. Harafin farkon sunan ne bai gane ba."

Da ta cire lanƙwasar, da an wuce wurin. Amma akwai fayilolin ƙofa da ɓangaren baƙi a gaba, su ma da haruffa masu lanƙwasa. Ta ƙara layi guda a saman umarnin don ya karɓi irin waɗannan haruffa, ta gwada da fayil ɗin kaɗai. Ya wuce. Ta saki sauran.

Bayan Azahar ta kai masa kwamfutar. Ya daɗe yana kallon ɗakin mahaifiyarsa. Can ya ɗora yatsa a kan allon.

"Wagga ƙohwa ta cika tsawo. Sai mun duƙa muka shiga. Kuma akwai durumi nan bayan rijiya."

Nuriyya ta jawo kujera kusa da tabarmar.

"Ta wane gefe, Baba?"

Ya gyara zama ya fara yi mata kwatance.