Fuskar Toka a Bakin Get

Shagon ɗinkina yana kallon get ɗin gidan Manaja, titi ne kawai a tsakaninmu, don haka abin da zan faɗa da idona na gan shi. Manajan wani kamfanin fenti ne, mutum mai son a ce ya iya. A shekarar da ya sayi kyamara mai dogon baki kamar bututu, a shekarar ya sayo kwikwiyo mai launin toka, ya raɗa masa suna Janar, ya saya masa abin wuya na fata da kwano mai ƙyalli. Daga nan ya ɗaure shi a gindin bishiyar da ke can ƙarshen tsakar gida ya tafi aikinsa.

A gidan akwai mahaifinsa, tsohon direban bas, wanda duk layin muke kira Baba Direba. Tun rasuwar matar tsohon Manaja ya ɗauko shi ya ajiye a ɗakin baya kusa da sito. Tsoho ba aikin yi, gwiwa ta ƙi, ga kwikwiyo yana ta kuka a ɗaure. Shi ya kwance shi. Shi ke jiƙa masa abinci, shi ke zama ya cire masa kaska yana jefawa a gwangwanin kananzir, yana ba shi labarin hanyoyin da ya bi da fasinjojin da suka taɓa ɓata masa rai. Bai taɓa ce masa Janar ba. Toka yake kiransa, kuma sunan da ya bi kare ke nan. Da ya girma, in sun fito da yamma, karen da zai iya tsere wa babur sai ya rage tafiya ya daidaita da ɗingishin tsoho.

Ranakun hutu Manaja kan fito da kyamara, ya kwanta ruf da ciki a ƙasa da farin gajeren wando, yana ta “Janar! Janar, kalle ni!” Kare ya yi hamma, ko ya juya masa baya ya hau sosa kunne. Hotunan yakan tura su wani zaure na masu ɗaukar hoto da yake ciki a waya. Ba mai tankawa. Da bakinsa ya gaya min, ran da ya kawo gyaran wando, cewa mutum ɗaya ne ya taɓa magana, shi ma cewa ya yi fentin katangar ya yi kyau.

Wata Asabar Baba Direba zai je karɓo maganin gwiwa, wurin da ba a shiga da kare. Ya fito ya ja get. Toka ya zo ya cusa hanci tsakanin sandunan ƙarfen, kunnuwa a kwance, idanu a kan bayan tsoho, yana wani siririn kuka a maƙogwaro. Ni da nake tela sai da na dakatar da keke. Manaja yana tsaye daga gefe da kyamara a wuya, ya ɗaga ya danna.

Abin nema ya samu. Kafin yamma wayarsa ta cika da yabo. Ya tsallako titi har shagona don ya nuna min, abin da bai taɓa yi ba in ba gyara ya kawo ba. Hoton ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. A ƙarƙashinsa ya rubuta: “Haka yake yi kullum in zan tafi aiki.”

Na ce, “Manaja, ai ba kai yake kallo ba.”

Ya ce, “Tela, kai dai ka iya zare da allura. Hoto labari ne.”

Tun daga ranar Baba Direba ya samu aiki. Kowace Asabar, in haske ya yi yadda Manaja yake so, sai ka ji, “Baba, ɗan fita mana.” Tsoho ya jawo sandarsa ya fito ya zauna a bencin shagona. Da farko dariya abin yake ba shi. “Ɗan nan ya mai da ni ɗan wasan kwaikwayo da tsufana,” in ji shi. To amma kare ba wawa ba ne. Ba a jima ba Toka ya gane tsoho yana nan a benci, sai ya tsaya a get yana kaɗa wutsiya, harshe a waje. Manaja ya ce wannan fuskar ba ta sayuwa.

“Baba, ka sha kwana. Kar ya gan ka.”

Tsoho ya riƙa jan ƙafa har bayan kantin mai gyaran taya, ya tsaya a rana, domin can ba wurin zama. Fuskar ta dawo, hotuna suka yi kyau. Bayan ɗan lokaci Toka ya gane wannan ma, in an rufe get sai ya kwanta ya ɗora haɓa a kan ƙafa yana jira hankali kwance. Aka ƙara wa tsoho nisa, aka ƙara masa daɗewa. Wata rana ya dawo gwiwar ta kumbura har wando ya matse ta, na ce masa, “Baba, ka ce ba za ka ba mana.” Ya ce, “A gidansa nake, ɗana. Kuma ba duka yake yi ba, hoto ne.”

Sai ga gasa ta taso, wadda za a rataye hotunan da suka yi fice a wani babban zaure a cikin gari. Na lura Manaja ya fara tambayar mahaifinsa ko ba ya kewar jikokinsa, ’ya’yan ƙanwar Manajan da ke aure a wani gari. In ka ga kare yana sunsunar takalmi, ɗauka zai yi.

Ranar tafiya a gabana aka yi, a bakin get, mota tana jira.

“Mako ɗaya ne kawai, Baba. Ka huta, ka ga yara.”

“To in tafi da Toka.”

“A bene suke, mai gidan kuma ba ya yarda da kare. Ni da karena, Baba, cinye shi zan yi?”

Tsoho ya daɗe a duƙe da wannan gwiwar, yana shafa kan Toka yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Da ya miƙe ya dube ni ya ce, “Tela, ka riƙa leƙa min shi.” Mota ta tashi. Kukan da karen nan ya yi ran nan har mai gyaran taya sai da ya leƙo. Manaja yana tsugune daga gefe, ba ka jin komai daga gare shi sai ƙaras, ƙaras, ƙaras.

Kwanakin farko Toka bai bar bakin get ba, bai kuma taɓa kwanonsa ba. Manaja ya ɗauki hoto har ya ƙoshi. Da kare ya galabaita ya koma kwanciya, sai mutumin nan ya ɓullo da dabarar da har yau in na tuna raina yake ɓaci. Ya kira mahaifinsa a waya, ya buɗe muryarta yadda kowa zai ji, ya tsallako ya ce in riƙe masa ita a bayan katanga. Na ce hannuna da aiki. Ko a jikinsa. Ya ɗora ta a kan bulo a waje, inda kare ba zai gani ba.

“Baba, Janar ya ƙi cin abinci. Ka ɗan kira shi ko ya ji sanyi.”

Muryar tsoho ta fito daga wayar. “Toka! Toka, ɗan albarka, ga ni nan. Ci abincinka, ka ji?”

Kare ya zabura kamar an tsikare shi. Ya daki get da ƙirji, ya cusa kai har fatar fuskarsa ta ja baya, ya hau tonon siminti da farata har suka yi jini. Tsoho a can yana jin kukan, yana ƙara kira don ya lallashe shi, bai san da kowane kira ƙara masa wuta yake yi ba. Da haske ya gushe Manaja ya ce, “Yawwa Baba, ya fara ci,” ya kashe waya.

An yi haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na yi masa magana ya yi kunnen uwar shegu. Na nemi lambar ƙanwarsa ya ce me ya haɗa ni da matar aure. Mako ɗaya ya zama wata, wata ya haifi wani. Na ga an fito da gadon tsoho an jingine a sito, an shafe ɗakin baya da farin fenti, an shiga da fitilu masu dogayen ƙafafu. Hoton Toka da jini a farata ya zo na ɗaya a gasa. Shi kuwa Toka haƙarƙarinsa ya fito ana ƙirgawa, ya daina zuwa get ko an kunna masa muryar. Da Manaja ya ga ba ya da sauran amfani a bakin get, sai ya mai da shi gindin bishiya ya ɗaure da sarƙa, wai yana ɓata wa baƙi gani.

Wata Asabar da hantsi ina yanka yadi na hango mai sanda yana tahowa daga tashar bas, da ƙullin leda a hannu. Baba Direba ne, shi kaɗai, ya rame, takalmansa duk ƙasa. Ashe da ’yarsa ta fita kasuwa ya sulale ya hau mota. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba.

“Yana nan?”

Na ce, “Yana nan, Baba. Zauna ka sha ruwa tukuna.”

“Bari in gan shi. Ƙashi na tara masa.”

Ya tsallaka titi. Get a kulle da kwaɗo, shi kuma ba a taɓa ba shi makulli ba. Ya jingine sandarsa, ya kama ƙarfen da hannu biyu, ya hango Toka can a gindin bishiya, kwance, ya ba get baya.

“Toka! Toka, ɗan albarka, ga ni nan!”

Kunnen kare ɗaya ya ɗan motsa. Bai ɗago ba. Ya sha jin wannan muryar daga bayan wannan katangar, ya sha fasa farata a kanta, bai taɓa ganin kowa ba.

“Toka, ni ne fa. Ni ne da kaina.”

Tsoho ya cusa fuska tsakanin sandunan, hularsa ta faɗi baya bai kula ba. Hawaye yana bin tamojin fuskarsa. Ya kaɗa ledar ƙashin, ya yi fito irin wanda yake yi masa da yamma. Kare ya ƙara cusa hanci cikin ƙafafunsa.

Ƙofar falo ta buɗe, Manaja ya fito da kofin shayi, makullan gida suna lilo a ƙugunsa. Na ce alhamdu lillahi, yanzu za a buɗe, kare ya sunsuni mutuminsa a wuce wurin. Ya yi taku biyu ya tsaya, yana kallon mahaifinsa. Na san wannan kallon. Ya ajiye kofin a hankali a kan dakali, ya koma ciki da sauri, ya fito da kyamara.

“Buɗe min, ɗan nan,” in ji tsoho. “Bai gane ni ba. Buɗe in taɓa shi.”

Manaja ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya rufe ido ɗaya, yana murɗa bakin kyamara.

“Yanzu, Baba. Tsaya haka, kar ka share fuskar. Sake kiransa.”